Ban Ga Komai Ba

Litinin, 7 ga Agusta, 2023

Yau na fara zuwa asibitin garinmu. Aikin sa-kai ne, babu albashi, amma Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya raka ni har ƙofa. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsayar da shi: "Maryamu ce, ta gama karatun gwajin jini a birni. Yanzu ba sai kun je Tsanyawa ba." Mata a bakin burtsatse suna ta "Sannu Likita." Na sunkuyar da kai. Sun ɗauka kunyar 'ya mace ce.

Malam Abdulkabir, shugaban asibitin, ya buɗe mini ɗan ɗaki a baya. Tebur, kujera, da madubin gwajin jini sabo fil a kwalinsa. 'Yan garinmu mazauna Kano ne suka saya tun bara, aka ajiye ana jiran wanda ya iya. Wai ni ce wadda ta iya ɗin.

Na buɗe kwalin. Na mayar na rufe.

Laraba, 9 ga Agusta

Bari in rubuta a nan, tunda ba mai karantawa sai ni.

Shekara biyu na yi a makarantar nan ta kuɗi, a saman shagunan masu sayar da taya. Aji cike maƙil, wasu a kan taga. Madubi ɗaya ne a duk makarantar, yana ofishin mai makaranta, sai in baƙi za su zo ake fito da shi a goge. Mu a allo aka zana mana. Na iya zana shi, na san sunan kowane ɓangare da Turanci, har na fi kowa maki a jarrabawar. Da aka tura mu wani asibiti koyon aiki, ɗalibai sun yi yawa, a baranda muke tsayawa muna leƙe ta kafaɗar juna. Ƙarshe aka sa mana hannu aka ce mun kammala.

Ban taɓa ganin ƙwayar maleriya da idona ba sai a hoto.

Alhamis, 17 ga Agusta

Allah ya rufa asiri, akwai katin gwaji. A huda ɗan yatsa, a ɗiga jini, a jira. Layi biyu maleriya, layi ɗaya babu. Ko Aina'u ƙanwata za ta iya. Damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, yara ne har waje a kan tabarma. Ina ta hudawa ina ta rubutawa, ana ta sa mini albarka.

Na fito da madubin na kafa shi a tebur, na lulluɓe da farin ƙyalle. Yana yi wa ɗakin kyau.

Asabar, 19 ga Agusta

Wata tsohuwa ta kawo mini ƙwan zabi. Ban iya ci ba, na ba Inna.

Talata, 22 ga Agusta

Baba ya yanke magana: Aina'u ma makarantarmu za a kai ta in an cire gyaɗa. Ya ce gida ɗaya likita biyu, mai hassada sai ya mutu. Sakamakonta ya fito da kyau. Ita kuwa ba ta so. Kwalejin aikin gona ta Dambatta take so, ta karanci lafiyar dabbobi. Tun tana ƙarama ita ce mai sanin akuyar da ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta. Baba ya ce, "Mace da bin gindin shanu? Tambayi yayarki ki ji daɗin karatun asibiti."

Suka juyo suna kallona. Na ce, "Da daɗi."

Litinin, 28 ga Agusta

Katin gwaji ya ƙare tun Juma'a. Malam Abdulkabir ya tafi sakatariya taro, zai kuma karɓo wani.

Da hantsi Bilkisu ta shigo da ɗanta Iliyasu a kafaɗa. Bilki, wadda muke zama benci ɗaya tun firamare, ita aka yi mata aure ni na wuce birni. Yaron bai cika shekara biyu ba. Jikinsa kamar garwashi, idonsa ya yi fari. Na ce kati ya ƙare. Ta nuna tebur ta ce, "To ga wancan. Ba shi kika karanta ba?" Akwai mata uku a benci suna ji.

Na ɗebi jinin. Na shafa a gilashi yadda na haddace, na zuba ruwan kala, na jira ya bushe. Na kunna fitilar madubin, na sa ido. Haske kawai, sai wani shuɗin hazo. Na murɗa nan, na murɗa can. Yaron yana nishi.

Ta ce, "Yaya, Maryamu?"

Na ce, "Ban ga komai ba."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi, ashe ba maleriya ba ce." Wata a benci ta ce haƙori ne yake fitarwa. Na ba ta maganin zazzaɓi na ruwa. Ta yi godiya ta tafi.

Ba ƙarya na yi ba. Tun ɗazu nake faɗa wa kaina haka. Ban ga komai ba, shi na ce.

Talata, 29 ga Agusta

Na yi niyyar leƙawa gidansu da yamma. Na kai har bakin kukar masallaci na dawo. In na je in ce mata me?

Alhamis, 31 ga Agusta

Iliyasu ya yi jijjiga jiya da la'asar. Inna ce ta faɗa mini. Tun shekaranjiya jikin ya ƙi, amma surukar Bilkisu ta ce tunda Likita ta duba da na'ura ba ta ga komai ba, ba ciwon asibiti ba ne. Aka yi ta hayaƙi da rubutu. Sai da ya sanƙare sannan Sha'aban, mijinta, ya ɗauke su a babur zuwa babban asibitin Tsanyawa. An ce jininsa ya ƙone, sai an ƙara masa.

Inna tana faɗa tana tankaɗe. Ta ce, "Ikon Allah, ciwon da har na'ura ba ta gani."

Na shiga banɗaki na yi amai.

Juma'a, 1 ga Satumba

Ya Allah, kada yaron nan ya mutu. Ba don ni ba. To, har da don ni. Ka ga irin zuciyata.

Lahadi, 3 ga Satumba

Ya buɗe ido, ya karɓi nono. Jinin ubansa aka sa masa.

Talata, 5 ga Satumba

Bayan an sallami marasa lafiya Malam Abdulkabir ya shigo ɗakina ya turo ƙofa. Ya je duba yaron. Ya ce mai gwajin can ta ce jininsa cike yake da maleriya, irin wadda ko ɗalibi ba zai kasa gani ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama Maryamu, madubin ne ya lalace, ko yaya?"

Ƙofa ce ya buɗe mini. Da na ce ya lalace, da shi ke nan, a mayar da shi kwali.

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ni ce ban iya ba."

Ya ce shi ba fanninsa ba ne, shi ya sa ya ga takarda ya saki jiki. Ya ce da ya tambaye ni tun ranar farko, wannan laifin nasa ne. Sannan ya ce, "Amma zazzaɓi irin wannan a damina, ko babu gwaji ai sai ki ce su wuce gaba. Wannan ba sai da na'ura ba."

Wannan ta fi yi mini ciwo. Na sani. A ranar ma na sani.

Ya ce kada in ƙara faɗar komai a kan jinin kowa sai da kati. Zai yi wa Hajiya Zakiyya magana, ita ce shugabar ɗakin gwaji a babban asibiti, ko za ta yarda in zauna tare da ɗalibanta.

Laraba, 6 ga Satumba

Na ce wa Inna kaina ke ciwo. Ban fita ba.

Asabar, 9 ga Satumba

An sallamo su. Na ɗauki sabulu da lemo na je. Tsakar gida cike da 'yan dubiya, surukarta har da shimfiɗa mini darduma. Bilkisu ta ce in shigo ɗaki. Yaron yana kwance, ya zama kamar ɗan tsako, bayan hannunsa duk tabon allura.

Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Sun faɗa mini a can."

Na ce, "Bilki, ban iya aiki da shi ba. Ba a koya mana ba."

Ta gyara wa yaron zani. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ni ban yi boko mai nisa ba, Maryamu. Amma da kin ce ba ki iya ba, da a ranar na hau mota."

Ba ta faɗa wa kowa ba, har Sha'aban. Da zan fita ta ce in gaida Inna. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Litinin, 11 ga Satumba

Baba ya fara zancen dillalin da zai sayi gyaɗa tun tana ƙasa, don a kama wa Aina'u gurbi. Ita ta daina gardama. Tana ba awaki dusa tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce mini, "Yaya, ke da kika sani, ki ce wani abu mana."

Ba ta san abin da na sani ɗin ba.

Alhamis, 14 ga Satumba

Na karɓi kwanon abincin Baba na kai masa gona da kaina. A gida ba zan iya ba, ga Inna, ga yara. Ana girbin gero, na same shi yana ɗaure dami a gindin gawo. Na jira ya ci ya sha ruwa. Sannan na faɗa masa duka, daga madubin da ke ofis har zuwa Iliyasu. Ina magana ina kallon tururuwa suna jan ƙwayar gero.

Ya ce, "To takardar fa? Ta jabu ce?"

Na ce, "Ta gaske ce, Baba. Hannuna ne babu komai a ciki."

Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "Shekara biyu kina dawowa hutu ina tambayarki karatu, kina cewa lafiya lau."

Na ce na ji tsoro. Bayan ya sayar da san noma saboda ni, da wane baki zan ce ba a koya mana komai?

Ya ce, "Da kin faɗa, da sa ɗaya kawai na rasa."

Ya tashi ya koma kan daminsa. Na kwashe kwanuka. Har na yi nisa ina jin ƙarar igiya yana ja da ƙarfi kamar zai tsinka ta.

Lahadi, 17 ga Satumba

Baba ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Yana idar da salla yake shigowa. Ina gaishe shi yana amsawa, iyakarta ke nan. Inna ta ji. Ta ce, "Ke dai kin cuci kanki," sannan ta ƙara mini miya.

Magana ta fara fita, ban san ta ina ba. Yau a burtsatse wata ta ce "Sannu Likita," wata ta ƙyalƙyale da dariya.

Laraba, 20 ga Satumba

Hajiya Zakiyya ta yarda. Na je yau a motar haya, an cusa mu kamar buhuna, kuɗin mota ya ninka tun da man fetur ya tashi.

Doguwa ce, mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta san ni ce ta yaron nan, ban san yadda zan tsaya a gabanta ba. Ta karɓi takardata ta duba ta miƙo mini. Ta ce, "Irinku da yawa suna zuwa. Bambancin kawai, su ba sa faɗa sai na kama su." Ta haɗa ni da ɗalibai 'yan shekarar farko daga makarantar gwamnati. Duk na girme su. Ɗaya ta tambaye ni ko ni ce sabuwar malama.

Aikin farko: wanke gilasai.

Litinin, 25 ga Satumba

Ashe mai ake ɗigawa a kan gilashin kafin a duba da babban idon madubin. Na san wannan. Na taɓa rubuta shi a jarrabawa, har da ja masa layi. Kwalbar man tana cikin kwalin can a asibitinmu, ko buɗe ta ban yi ba.

Alhamis, 28 ga Satumba

Na gani!

Anti Zakiyya ta saita ta ce in duba. Jajayen ƙwayoyin jini birjik kamar an watsa wake a faranti, a cikin wasu ga ɗan zobe da ɗigo a gefe. Ƙarami ƙwarai. Abin da ya kusa kashe Iliyasu ke nan, abin da na zana sau ba adadi da jan biro da shuɗi. Na kasa ɗago kai don kada yaran su ga idona. Ta ce, "Kin gani ko? To matsa, wasu ma su gani."

Talata, 3 ga Oktoba

Ɗaukar jini daga jijiya ya gagare ni. Yau na soki wani bawan Allah sau biyu ban samu ba, ya ce a kira masa babba. A gaban ɗalibai.

Anti ta ba ni tsohuwar robar ƙarin ruwa da sirinji in riƙa gwadawa a gida.

Asabar, 7 ga Oktoba

Da hantsi ina zaune a inuwar rumbu, na ɗaure robar a kan matashi na lulluɓe da tsumma, ina ta soka. Ban ji shigowar Baba ba. Ya tsaya a kaina, fartanya a kafaɗa. Na so in ɓoye.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce hannun mutum ne, wai.

Ya ajiye fartanyar. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa. Ya ce, "Matashi ba ya jin zafi. Me zai koya miki?"

Na ce a'a, Baba. Ya ce, "Kina da sabuwar allura ko babu?"

Akwai. Na wanke hannu, na ɗaure masa dantse, na goge wurin. Jijiyoyinsa manya, sun fito raɗau kamar saiwar rogo, makaho ma zai samu. Na kuskure. Ya ja numfashi ta haƙora, ya kau da kai yana kallon katanga. Sai a lokacin na tuna Baba tsoron allura yake, ko ta rigakafi sai an yi da gaske. Na ce a bari. Ya miƙo ɗaya hannun.

A na biyu jini ya shigo sirinjin, baƙi-baƙi, a hankali.

Ya leƙo da ido ɗaya ya ce, "Nawa ne wannan?" Inna daga madafa ta ce, "To na wa zai zama, na akuya?" Aina'u ta fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya danne audugar ya tashi. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ita waccan makarantar ta dabbobi. Ku je ke da Aina'u ku gani da idonku. Kada ku tsaya a ofis."

Alhamis, 12 ga Oktoba

Mun je Dambatta. Wani malami ya fara karanto mana darussa, na ce ya yi haƙuri, so muke mu ga inda ɗalibai suke taɓa dabba da hannunsu. Ya kalle ni kamar na zo bincike. Ni ma na ji nauyin bakina, wa ya aike ni? Amma ya kai mu. Ɗalibai sun kayar da tunkiya suna duba mata kofato, har da mata biyu da dogayen takalman roba a ƙarƙashin hijabi. Na ja ɗaya gefe na tambaye ta ko kullum ne, ko don an ga baƙi. Ta nuna mini tafin hannunta.

Muka hau motar dawowa. Sai da muka wuce gonakin dawa Aina'u ta ce, "Yaya, kin ga yadda ta riƙe ƙafar? Ba haka ake riƙewa ba, za ta iya harbinta."

Baba ya saurare mu ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Wajen Baba wannan amincewa ce.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na gamu da Bilkisu a hanyar injin niƙa, Iliyasu a baya, ya fara mayar da kumatu. Mun gaisa. Gaisuwa kawai. Ban sani ba ko za mu koma kamar da. Ba ni da bakin tambaya.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Aiki ya yi yawa yau, Anti ta bar ni a kan ɗaukar jini. Na yi wa mutane da dama ba matsala. Sai aka kawo wata tsohuwar Bafulatana daga wajen Shanono, ta bushe, fatar hannunta kamar takarda. Na shafa, na shafa, na gwada sau ɗaya. Babu. Ɗanta yana tsaye a kaina, layi har ƙofa, ɗalibai suna kallo.

Na zare allurar na danne mata wurin. Na ce, "Inna, yi haƙuri, taki ta fi ƙarfina. Bari in kira wadda ta fi ni." Na ɗaga murya na kira Anti daga ɗaya ɗakin. Ta zo ta samu a bayan hannu, ta nuna mini yadda ake jan fatar da babban yatsa. Na ce ta sake nuna mini. Na kira na gaba.

A tasha na sayi dafaffiyar gyaɗa da rake, na cinye tas kafin mota ta cika. Sai da muka kusa gida na tuna abin da ya faru, na jira in ji kunyar nan da ta saba tokare mini ƙirji. Na jira har na sauka, ba ta zo ba.

Wataƙila gajiya ce. Gobe akwai masu awon ciki, sai na yi sammako.